Kunnuwan Shanun Kawu Sidi

A shekarun da aka yi ta bin shanu da allurar bushiya, ciwon nan mai share garke, lakwal, wato makarantar boko ta Yamai, ta turo ɗalibinta Jika zuwa Damargu ya koyi aikin likitan dabbobi a daji. Wata uku zai yi a hannun Shef Mamman, shugaban masu allura. In Shef ya sa hannu a takardarsa, ya koma ya ƙarasa karatu. In bai sa ba, shi ke nan, sai dai a ce an taɓa yi.

Aikin ba shi da wuya. A kama saniya, a soka mata allura, a ɗan gutsure kunnenta da awartaki. Gutsuren nan shi ne shaida: duk ma'aikacin da ya zo baya ya gan shi, ba zai sake ɓata magani a kanta ba.

To, mutanen Tarka, yankin su Jika, ba su yarda da allurar gwamnati ba. Da sun ji ƙarar mota sai su kora shanu arewa. Jika ne ya bi kawunsa Sidi har inda ya ɓoye garkensa, ya yi roƙo, ya yi rantsuwa.

"Kawu, ni zan soka da hannuna. In ta cuce su, ka tsine mani."

Kwana uku Sidi yana tafe da shanu zuwa rijiyar da aka ajiye za a yi allurar, maƙwabta na biye da nasu, don sun ji mai allurar ɗan gida ne.

Ranar kuwa motar da ke kawo ƙanƙara daga Tanut ta lalace a hanya. Da hantsi Jika ya sa hannu cikin akwatin magani, sai ya ji ruwa da ɗumi kamar wanda ya wuni a buta. Abin da aka fara koya masu ke nan: maganin nan in ya sha zafi ya mutu.

"Shef, maganin ya lalace."

"Kai ka yi shi?" in ji Shef Mamman, ko kallonsa bai yi ba. "In muka sallame su yau, har abada ba za su dawo ba. Soka, ka gutsure. Gobe muna Balbeji."

"A soka, amma don Allah a bar kunnen."

"In ba gutsure, wa zai ce mun zo nan? Ɗan lakwal, kana son takardarka ko ba ka so?"

Yana so mana! Shekara goma sha ɗaya yana karatu, uwarsa ta riga ta cika gari da cewa ɗanta likita ne. Tsoro ya kama shi. Ga Sidi ya kamo jar saniyarsa da kansa, yana murmushi, yana cewa, "Fara da wannan, ɗana, ita ce uwar garke."

Jika ya kama kunnen, ya ɗora awartaki. In ya matsa, saniyar ta zama mai shaidar ƙarya, ba mai sake duba ta sai ranar da bushiya ta zo. Wallahi ya so ya matsa. Sai ya saki kunnen, ya taka zuwa bakin rijiya, ya jefa awartakin ciki. Rijiyar gaba talatin ce, kuma shi kaɗai ne awartakin da suka zo da shi.

Shef bai yi faɗa ba. Ya zaro takardar daga aljihu, ya kekketa ta, ya shiga mota.

Sidi ne ya yi faɗan. "Kwana uku ka sa muka taka a banza! Ka kunyata ni gaban mutane!" Ba wanda ya tsaya jin bayani. Jika ya bi bayan garken da ƙafa, don ba shi da wurin zuwa.

Da shekara ta zagayo, wasu masu allura suka zo. Jika ya sake roƙo, wannan karon har da hawaye, Sidi kaɗai ya yarda. Wani sabon ɗan lakwal mai farar riga ya duba kunnuwa ya ga lafiya lau, ya dubi Jika cikin tsummokin kiwo.

"Kai, makiyayi, ka iya riƙe ƙaho?"

"Na iya, likita."

Amma kafin ya kama jar saniyar, sai da ya miƙa hannu ya taɓa kwalbar maganin. Da sanyinta.