Ɗigon Zuma a Farantin Baba

"Janye cokalin nan daga bakina, ni ba jariri ba ne!"

Ƙarar cokali a kan siminti ce ta sa Mai Ɗinki ta tsayar da kekenta, ta zagayo gidan maƙwabcinta. Baba Mai Alewa na jingine da filo, ya juya fuska bango. Autarsa na durƙushe tana goge zumar da ta zube.

"Yaya, kin dai gani," in ji Auta, idonta jajur. "Likita ya ce ko zuma ce a samu ya lasa. In na ba shi cokalin, hannu ya yi rawa ta zube. In na kai masa baki, sai faɗa. Tun shekaranjiya ba abin da ya shiga cikinsa."

Taurin kan Baba kuwa ba yau aka fara ba. Mutumin da ya cika bakin yaran layin nan kaf da zaƙi, ina zai yarda a ɗura masa? Ya gwammace yunwa ta tafi da shi.

Mai Ɗinki ta dubi tagar ɗakin. Nan ita da sauran yaran layin suke cincirindo suna ƙanana, suna ture juna, shi kuma yana ɗiga ruwan sukari cikin farin gari. Ya juya faranti, ɗigon ya mirgina ya fito fari fat, ba danƙo ko kaɗan. Ta juyo ta dubi Auta.

"Auta, akwai madarar gari?"

Auta ta kawo, Mai Ɗinki ta baza ta a faranti, ta ɗiga zuma, ta juya. Ɗigon farko ya fashe ya manne.

"Kai, wannan aika-aika!" Ashe Baba na kallo ta wutsiyar ido. "Ɗigon ya yi girma. Rage hannu mana. Duk leƙen tagata da kika yi, ashe ci kawai kika koya?"

"To Baba, ai cin ma aiki ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ta rage hannu. Ƙananan ɗigo suka rinƙa gangarawa cikin garin kamar duwatsun wuya. Ta ɗora masa farantin a cinya, ta ja Auta gefe.

Hannun Baba ya taso yana karkarwa, ya yi ta lalube kafin yatsu biyu su kama ɗaya. Bai fashe ba, bai manne ba. Baba ya kai baki da kansa. Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Wannan zumar an haɗa ta da sukari," ya ce. "An cuce ku." Ya sake miƙa hannu.

Washegari da hantsi Baba ya cika. Da Mai Ɗinki ta shigo, ta tarar da Auta riƙe da hannunsa na dama, jiƙaƙƙen tsumma a ɗaya hannunta. Farin gari na nan a kan yatsunsa biyu. Mai Ɗinki ta zauna kusa da ita, ba ta ce ta yi saurin gogewa ba.