Ƙullutun da Ba Ya Ciwo

Martha, matar Andarawus ta Fadan Kagoma, wurin wanka ta fara jin abin: ɗan ƙullutu a nonon hagu, kamar ƙwayar gurjiya, mai tauri. Abin da ya ɗaure mata kai, ko kaɗan ba ya ciwo. Cuta kuwa ai da zafi ake saninta.

Sista Mildred, nas a Kafanchan, ta taɓa ce musu a taron Zumuntar Mata kowa ta riƙa laluba nononta bayan al'ada. To Martha tata ta ɗauke tuntuni, sai ta ɗauka da yara ake.

Ran kasuwa ta kai citta Kafanchan wurin Hajiya Kubra, mai saye a hannunta shekara da shekaru. Suka laɓe bayan buhuna, ta nuna mata.

Kubra ta taɓa, ta janye hannu. "Maman Eli, wannan daji ne. Daji ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi zai fusata ya bazu."

"Sista ta ce a zo da wuri."

"Su ai yanka suka sani, mahauta kawai! Magani ake shafawa. Haka muka yi wa Yaya Zamzam. Wallahi ko allurar ɗinki ba mu bari kusa da ita ba."

"Ta warke?"

Kubra ta ɗebi citta ta shinshina, ta mayar.

"Ba ta ga kaka ba," ta ce can ƙasa.

Martha ta tsaya sororo. A taɓa, mutuwa. A bari, mutuwa. To ina mutum zai sa kansa?

Sai ga Kubra ta yafa mayafi, tana ce wa maƙwabciya ta duba mata rumfa.

"Ina za mu, Hajiya?"

"Wurin mahautan."

"Ba ke kika ce..."

"Na ce. Ni ma ban sani ba. Amma waccan hanyar na ga inda ta kai."

A asibiti Mildred ta laluba a hankali. "Gara da kika zo yanzu, Mama. Gobe sai jirgin ƙasa zuwa asibitin Jos, a duba mene ne."

"Sista, ba ya ciwo fa."

"Sau da yawa haka yake farawa."

Martha ta dubi Kubra. Kubra ta tambayi Sista ƙarfe nawa jirgin ke tashi.