Babin da Mahdi Ya Karanta

Ba son littafi kaɗai ya sa Habsatu ta tara garin ba, ko da yake haka take gaya wa mutane. Don ƙanenta Mahdi ta yi. A kakar bara shanun Arɗo Ubaidullahi suka kauce daga burtali suka afka wa waken gidan su Mahdi. Mahdi, da yake zuciyarsa a kusa take, ya zare adda ya sare wa wata karsana agara. An yi sulhu gaban maigari, an sha hannu, amma duk wanda ke wannan gari na gabas da Bande ya san samarin ruga sun yi rantsuwa a kansa. Tun daga nan Mahdi bai ƙara zuwa gona ba tare da waige ba, ita ma barcinta ya koma rabi da rabi.

Da yake madam ce mai koyarwa a lakwal, makarantar bokon garin, sai ta fito da dabara: gari guda, littafi guda. Wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, ne ya rubuta shi da Hausa, labarin fataken da. Kowace Laraba bayan la'asar a jera bencina a filin lakwal, a ɗaura lasifika a jikin dogon yaro, mutum ɗaya ya karanta babi ɗaya. Da fari 'yan ganin ƙwaf ne ke zuwa. Daga baya har mahauta suna rufe tukuba da wuri, mata suna sauke tuwo tun da sauran rana, Fulani kuma suna shigowa su zauna ta yamma, sandunansu kwance a kan cinya. Ranar da ta ga Giɗaɗo ɗan Arɗo, mai karsanar nan, yana dariya daidai inda Mahdi ke dariya, gida ta koma ta yi kukan daɗi.

Akwai babin da kowa ke ɗoki, don waɗanda suka leƙa gaba sun riga sun baza labarinsa. A cikinsa wani falke Babarbare ya haɗu da Bafillace a bakin rijiya ya yi masa wankin babban bargo. Ba a zauna shawara ba, kowa ya san babin Baba Gaji ne, tsohon Babarbare mai sayar da kanwa, wanda ya iya karatu tun yaƙi da jahilci. Babarbare da Bafillace abokan wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya dariya za a yi. Arɗo har ya ce da igiya zai zo, in tsohon ya gama ya ɗaure bawansa ya ja shi ruga.

Safiyar Larabar aka yi wa Baba Gaji rasuwa a Magariya, ya haye kabu-kabu ya tafi. Abokiyar aikin Habsatu, Safiyatu, ta ce a tsallake babin sai ya dawo. Habsatu ta ƙi. A ganinta littafi littafi ne, ko daga bakin wa ya fito. Kuma da wani abu a ranta: in Fulani suka ga Mahdi tsaye yana ba su dariya, ragowar ƙullin zai narke. A garin aka haife ta, ta fi kowa sanin al'adar, amma son ɗan'uwa ya rufe mata ido. Ta miƙa masa littafin.

Mahdi ya fara a ɗarare. Da ya iso inda falken ke cewa ƙafafun Bafillace kamar sillen kara, manoma suka tuntsire, shi kuwa yaro ya ji daɗin abin, ya saki murya, ya shiga kwaikwayo. Ya ce bawana. Ya ce ɓarawon gero, mai son saniya fiye da uwarsa. Garin kwaikwayon hannunsa ya miƙe, yatsa ya nuna yamma.

Dariyar ta yi yawa, kuma gefe ɗaya take fitowa. Habsatu ta waiwaya ta ga igiyar Arɗo a yashe a ƙasa, tsohon ya sunkuyar da kai. Ta yunƙura za ta karɓe littafin, amma Giɗaɗo ya riga ta miƙewa.

"Madam, wannan Babarbare ne?"

Ta buɗe baki za ta ce rubutu ne kawai. Sandar ta riga maganarta, ta sauka a kafaɗar Mahdi da ƙara irin ta busasshen icce. Ta biyu ta same shi a ƙeya. Wani manomi ya ɗaga benci ya maka wa Giɗaɗo a fuska, haƙoransa suka zubo. Daga nan ba wanda ya san nasa. Aka ɓalle ƙafafun bencina, aka kwashi duwatsun katanga, mata suka suri yara suna tattake juna a ƙofa. Lasifikar kuwa ba wanda ya kashe ta, ta kwashe ihun ta watsa har bayan gari, sai ga waɗanda ba su zo karatun ba suna kwararowa da gatari da ƙotar hauya, ba tare da sun tambayi abin da ya faru ba.

Habsatu ta faɗa kan ƙanenta ta rufe shi da jikinta. Wani duka ya fasa mata gira, jini ya cika mata ido. Ta cikin ƙafafun mutane ta hango Arɗo yana fisge sanda daga hannun yaransa, yana zaginsu da Fillanci, har wani dutse ya kai shi ƙasa. Ganin tsohon a kwance ne ya sanyaya jikin kowa, ba jandarma ba, don su sai gab da magariba suka iso.

Ita da Safiyatu suka ɗora Mahdi a amalanken shanu suka nufi gidan likita. Yashi ya riƙe ƙafafun amalanken, tafiyar ta ƙi ci. Kansa na kan cinyarta, jini na fita ta kunnensa yana jiƙa mata zane, tana sharewa yana dawowa. Tsoro bai taɓa kama ta irin na wannan tafiya ba. Can ya buɗe ido, ya daɗe yana dubanta kafin ya gane ta.

"Yaya, na yi kuskure ne a karatun?"

"A'a, Mahdi."

"Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da ke rubuce na faɗa."

"Na sani. Daidai ka karanta."

Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Ta ci gaba da yi masa magana, tana ce masa sun kusa, ga fitilun likita can. Mai amalanken ya waiwayo ya dube shi, ya dubi Safiyatu, ya daina dukan shanun.