Shekarar da Inna Ta Tura Jirgi

A tsibirinmu ba a cewa shekarar kwalara. Shekarar da Jerka ta tura jirgi ake cewa, Jerka kuwa uwata ce.

Al'adarmu ce tun kaka da kakanni: in jirgi ya taso daga garin da annoba ta faɗa, uwar mai jirgin ce za ta shiga ruwa da filafili ta mayar da shi teku. In baƙo ya kori ɗan wani, gaba ce har jikoki, amma wa zai riƙe uwa a zuci? In ta ƙi, maza su nutsar da jirgin da duwatsu.

Da hantsi ƙararrawar coci ta kaɗa. Yayana Duje ne ya dawo da jirginsa daga sayar da kifi a babban gari, inda kwalara ta ɓarke. Ni da Inna muka tarar gaɓa ta cika, kowane namiji da dutse a hannu, har waɗanda jiya suka ci ɓaure a gidanmu. 

Duje ya miƙe yana dariyar dole. "Haba Kawu Roko, wannan dutsen ai ya fi ƙarfinka! Dube ni, garau nake!"

"To wane ne kwance a bayanka, ɗan nan?" in ji tsohon.

Abokin tafiyarsa ne, an lulluɓe shi da buhu, ƙafarsa ta yi shuɗi. Mata suka ja da baya suna toshe hanci.

Kawu Roko ya miƙa wa Inna filafili, ya kasa kallon idonta. Ta tuɓe takalmanta ta ba ni, ta shiga ruwa har ƙugu.

"Inna, don Allah," in ji Duje. Dariyar ta gudu. "Inna, ni ne fa."

"Na san kai ne, sakarai. Zauna kada ka faɗa."

Ta kafa filafilin a goshin jirgi ta tura da duk ƙarfinta. Jirgin ya ja baya. Sai ta jefo mana filafilin, ta kama gefen jirgin ta haye. Na kwarma ihu har muryata ta dushe, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Suka sauka a wani ɗan tsibirin dutse da ake hange daga tagarmu. Kullum da safe nakan tashi in nemi hayaƙinsu. In na gani, in ci abinci.

Ranar da babu hayaƙi, ƙararrawa ta sake kaɗawa. Jirgin ne ke tahowa a karkace, mutum ɗaya a ciki, ya rame kamar kara. Duje ne. Na leƙa bayansa, na sake leƙawa, babu kowa.

Maza suka sunkuya suna tsintar duwatsu. Kawu Roko ya bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya tsaya.

"Perina," in ji shi, "yanzu ke ce uwar gidan."

Ya sa mini filafilin a hannu, ina sanye da takalman Inna.