Umarar Ƙarshen Mako

Bilyaminu ɗan kwangila mutum ne mai son a gan shi, amma kada abin ya taɓa aljihunsa. Mutumin Adabka ne. Da can awon dawa yake yi a kasuwa, da siyasa ta dawo ya samu aikin wasu 'yan kwalbatoci, shi ke nan ya ɗinka babbar riga, ya sayi wayar hannu, ya koma zaman majalisa a Gummi tare da manyan 'yan kwangila. A nan ne ƙaiƙayi ya kama shi. Mutanen nan sun tsiro da wata sabuwar ɗabi'a, wai ita hutun ƙarshen mako. Ranar Juma'a mutum ya hau jirgi a Sakkwato ba gaira ba dalili, Litinin ya dawo yana ƙorafin sanyin ɗakin otal. Bilyaminu kuwa ko matattakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Da an fara wannan hira sai ya duƙufa a kan wayarsa, kai ka ce gwamna ne ya aiko masa da saƙo.

Maganin ya fito ne daga wurin Elisha, wani mutumin Zuru mai shagon kwamfuta a bakin tasha. Shi ne ya bayyana masa cewa jirgi ma yana kwantai. Idan ranar tashi ta matso kujeru ba su cika ba, akan karyar da farashin waɗanda suka rage, a sa a intanet, mai saurin hannu ya ɗauka.

“Awa tumatirin marece ke nan,” in ji Bilyaminu, idonsa na ƙyalli.

“Kusan haka,” Elisha ya ce. “Sai dai yana da sharaɗi. Ba a canza rana, ba a canza suna, kuma ba a mayar da kuɗi ko da sama za ta faɗo.”

Daga ranar Bilyaminu ya tare a shagon. Ya zauna a bayan Elisha yana huci a wuyansa, duk farashin da ya fito ya ce a taya ƙasa da haka. Elisha ya gaji da faɗa masa cewa ba a ciniki da kwamfuta. Man janareton da aka ƙona a kansa ya isa a kai mutum Gusau a dawo da shi, amma ko sau ɗaya bai tambayi wa ke saye ba. Wata Laraba dai abin ya faɗo: Sakkwato zuwa Legas, tafiya Juma'a, dawowa Litinin, a kuɗin da bai kai na rago ba. Bilyaminu ba shi da kowa a Legas, ba shi da abin yi a can. Ya ce a danna.

Da takardar jirgin ta shiga aljihunsa sai ya ji Gummi ta yi masa kaɗan. Ya hau babur ya bi hanyar nan mai ramuka har Adabka, ya tarar an idar da la'asar, dattawa na zaune a gindin bango. Ya gaisa, ya gyara zaman hula, ya ce cikin halin ko-in-kula, “Ni dai jibi jirgi za ni hawa.”

To, Adabka tun da aka kafa ta ba a taɓa jin wanda ya hau jirgin sama ya nufi wani wuri ban da Gabas ba. Mai zuwa Legas motar shanu yake bi, kowa ya san haka. Saboda haka wani tsoho ya ɗaga hannu sama ya ce, “Allahu akbar! Umara za ka? Allah shi karɓa!”

Bilyaminu ya buɗe baki zai gyara. Sai ya ga yadda ake kallonsa. Mutanen da suka san shi da mudu a hannu, waɗanda ko babbar rigarsa ba ta taɓa sa sun matsa masa a tabarma ba, yau ga su suna miƙo masa hannu bibbiyu. Ya rufe bakin, ya sake buɗewa, ya ce, “Amin.”

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Inna, mahaifiyarsa, zaune a ƙofar ɗaki tana share hawaye da bakin mayafi. Tsohuwar nan ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga ɗakin Allah da idonta. Tana da saniya da 'yan maruƙanta a rugar Modibbo, makiyayin da ke riƙe mata su, tana jiran su yi yawan da za su kai ta. Duk shekara takan yi wa ɗanta maganar, duk shekara yakan ce kujera ta yi tsada, sai baɗi.

“Na yi murna,” ta ce. “Amma kai da kac ce kujera ta yi tsada, ƙaƙa anka yi?”

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya, tsakaninsa da uwarsa, ba mai ji. Amma Bilyaminu zai iya ɓoye komai ban da arahar da ya samu.

“Ai wagga ba irin tasu ba ta, Inna. Ko kuɗin rago ba ta kai ba. Sai wanda yas san hanya. Akwai wani Elisha can Gummi, shi ka hiddo ta cikin na'ura. Ta Legas aka bi.”

Inna ta jinjina kai.

Ranar Juma'a aka yi masa rakiya irin ta mahajjata. Babura suka jeru har bakin kwalta, ana kabbara. Kowa ya ɗora masa saƙon addu'a: mai neman haihuwa, mai ciwon baya, mai gonar da ta ƙi. Ya karɓe su duka da fuskar waliyyi. A cikin jirgi ya ƙanƙame hannun kujera har aka sauka, addu'a ɗaya tak ya yi, ita ma ta kansa ce. A Legas ya kama ɗaki mafi araha a Agege, ya ci burodi da shayi, ya je ya ga teku. Ya tsaya nesa da ita don ba ta yi masa kama da abin yarda ba. Wani mai hoto ya ɗauke shi ya dafa ƙugu, ruwa a bayansa, sai da ya biya sannan ya tuna babu wanda zai iya nuna wa.

A hanyar dawowa ya biya kasuwar Sakkwato ya sayi dabino da tazbahohi da 'yar jarka, ya ɗura mata ruwan leda. Adabka ta tarbe shi da sunan Alhaji, ba wanda ya tsaya tantance ko umara na ba da wannan suna. Wasu sun yi mamakin saurin dawowar, ya ce ai ta araha ba a daɗewa. Aka tambaye shi Ka'aba, ya siffanta ta tsaf yadda ya saba ganinta a jikin dardumar salla. Inna ta kurɓi ruwan jarka, ta shafa sauran a gwiwoyinta, washegari ta ce wallahi sun yi sauƙi. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma ba sosai ba.

Daɗin abin ya sa ya koma shagon Elisha neman wata arahar, wannan karon Abuja yake so. Wata Alhamis da hantsi ya shiga, Elisha ya tarbe shi da fara'a.

“Oga Bilyaminu! Ka gode mini mana. Na samo wa su Mama irin naka, har ya ɗan fi naka sauƙi. Gobe ne tashinsu, kada su makara.”

“Wace Mama?”

“Mamanka. Wani Bafulatani ya zo, Modibbo, ya ce ta sa ya sayar da shanunta a kasuwar kara. Ya kawo sunaye: ita da Habsu da Maiturare da Balaraba, ƙawayenta. Ya ce irin naka suke so sak, wanda ake bi ta Legas. Na ce to, wataƙila biki gare ku a can.”

Bilyaminu ya dafa tebur. “Shanun duka?”

“Haka ya ce. Wai sauran kuɗin na guzuri ne.”

“Maida kujerun! Maida su yanzu, a ba ta kuɗinta!”

Elisha ya dube shi da mamaki. “Oga, kai da ka fi kowa sanin sharaɗin? Ba a mayarwa.”

Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce a kira mai jirgin a waya ya yi magana da shi namiji da namiji. Elisha dai ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya nuna masa layin da yatsa, kamar dai karanta shi da Turanci zai rage zafi.

Bai san yadda ya kai Adabka ba. Tun daga bakin gari yake jin luguden daka. Gidan ya cika maƙil da mata, ana soya dambun nama, ana ƙulla ƙuli-ƙuli da garin fura a leda. Tsofaffin uku na zaune a tabarma cikin sababbin fararen mayafai, ƙafafu sun sha lalle, mutane na durƙusawa ana yafe wa juna kamar yadda ake yi wa mai tafiyar da ba a san dawowarsa ba. Habsu ta riga ta raba kajinta ga jikoki. Maiturare ta aika an kira maƙwabciyar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, sun rungumi juna suna kuka. Ana ganinsa aka ɗauki sowa, ga jagora ya iso.

Inna na ɗaki tana ninke kaya a cikin jaka. Da ta gan shi fuskarta ta washe irin yadda bai taɓa gani ba.

“So niy yi sai gobe ka ji,” ta ce. “Zamna nan.” Ya zauna a ƙasa. Ta ajiye zanen da ke hannunta. “Na nemi gahwarar kowa, kai kaɗai ka rage. Na daɗe ina zarginka cikin raina. Ina cewa rowa ta ta hana ka kai ni. Ashe hanya kaka nema muna, har kat tahi da kanka ka gwada ta. Ka yahe man.”

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda babbar riga ba ta ɓoyewa. Ya yi tunanin ya bar su su kama hanya, ya faɗa musu a Gummi, ko a Sakkwato, ko ma a matattakalar jirgi inda ba wurin gudu. Ya hango tsofaffin nan huɗu cikin fararen kaya a tsakiyar Legas suna tambayar masu bas ina Harami.

“Inna,” ya ce, “jirgin ga Legas shika tsayawa.”

“Na sani. Ta can aka bi.”

“Ba shi wucewa, Inna. Nan na ƙarshe. Ni ma nan nit tsaya.”

Ta ɗago ta dube shi. A waje wata ta saki dariya, taɓarya na ci gaba da sauka.

“Mi kat tahi yi?”

“Kallon ruwa.”

“Ruwa,” ta maimaita a hankali. Ta dubi jakar, ta dubi lallen hannunta. “To a amso kuɗin, Modibbo shi maido shanun.”

“Ba a maidawa. Shi na sharaɗin na araha.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zare zanen da ta sa a jaka ta mayar da shi cikin kwalla, ta ɗauko na biyu ta mayar, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Shi kuwa ya shiga zuba, zai saya mata wasu shanun, zai biya mata kujerar gaske, baɗi in Allah ya yarda, da zarar an biya shi kuɗin kwalbati. Ya ce yanzu dai a ce wa mutane an ɗaga tashin jirgin, ko a ce ƙafarta ce ta motsa, kowa zai yarda idan daga bakinta ya fito.

“Bilyaminu.”

Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi alkunya ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Yau ta faɗe shi garau, yadda ake kiran ɗan maƙwabta.

“Tashi ka hita ka gaya musu da bakinka. Hwara da Habsu, ita ta girme mu.”

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga labule. Matan na ganinsa suka dare suka ba shi hanya, Habsu ta gyara mayafinta ta matsa masa wuri a kan tabarma.