Ƙamshin Gurasa a Cikin Inji

"Sau biyu na duba shi, Burul, sau biyu! So kike in kwance shi noti-noti in jera miki a faranti?"

"Ni dai cewa na yi ka ƙara dubawa, baban Aiperi. Don Allah."

"Tun da gari ya waye kike bina da don Allah, kamar akuya ta ga mai dusa."

Toktosun ya wurga sifana cikin akwatin kayan aiki, ya goge hannu a wando. Mashinsa na tafiya kan ƙanƙara na tsaye a tsakiyar rumfa, an ɗaure masa buhun fulawa da gishiri da ƙullin magani a baya. Mahaifinsa, tsoho Asanbai, yana can bayan duwatsu da shanu tun farkon sanyi, jiya kuma ya aiko ta rediyo cewa ƙafarsa ta kumbura, magani ya ƙare. Tafiyar awa biyar ce in mashin ya yarda. A tsakani babu gida, babu bishiya, waya ma ba ta kamawa.

A bakin ƙofar rumfar, kan bokitin da aka kife, uwarsa Apa Kalica ce zaune da kofin shayi, tana hurawa tana kallon matar ɗanta ta saman kofin. Wannan kallon shi ya ɗaure harshen Burul tun jiya.

Ga yadda aka yi. Jiya da la'asar Toktosun ya tsiyaye tanki kaf don ya fitar da ruwan da ya kwanta a ƙasansa, sannan ya tafi neman fetur. Burul ta zagaya bayan rumfa ɗebo busasshen kashin shanu na hura murhu, sai ta ga hayaƙi na fita ta tsagar katako. Ta leƙa. Apa ce, da garwashi a cikin ludayin ƙarfe da reshen itacen arca mai ƙamshi a kai, tana turara mashin don korar mugun ido, yadda take turara jariri da sabon doki. Ta zagaya shi sau uku. Da ta tsaya nan da shi ke nan, amma tsohuwa ba ta son aiki rabi da rabi, sai ta ɗaga murfin inji wai cikinsa ma ya sha. Garwashi guda ya gangaro, ya sauka a kan tiyon fetur, can ƙasa bayan kabireta inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta. Roba ta narke ta yi rami, ɗan yatsa zai shiga.

Allah ya so tiyon a bushe yake, da yanzu labarin ta'aziyya ake yi.

Apa ta tsaya ta dafe ƙirji. Can ta fita da sauri, ta dawo da curin kwaɓin fulawa, daga kwanon Burul ma ta tsakuro, ta durƙusa ta liƙe ramin kamar yadda ake liƙe bakin tukunya, ta shafa masa baƙin tukunya ya saje da roba. Tana miƙewa idonta ya faɗa cikin idon da ke tsagar katako.

"Matar ɗa ta gari," in ji ta, tana kakkaɓe gwiwa, "idonta a ƙasa yake."

Shi ke nan fa. Shekara tara Burul na gidan nan, ba ta taɓa kama sunan wani dangin miji ba, ba ta taɓa juya wa Apa baya ba in za ta fita ɗaki, balle ta buɗe baki a gaban ɗa ta ce uwarsa ta yi ɓarna. Wadda ta yi haka a ƙauyen nan, ko jikokinta sai an goranta musu. Sai ta ɗora duk begenta a kan halin mijinta, don Toktosun mutum ne da ke shinshina bakin mai kamar mai sayen turare. Ta ce ai zai gani.

Bai gani ba. Sanyi ya mai da kwaɓin dutse, ya zuba fetur da safe ko ɗigo bai fito ba.

"To zo," ya ce, "zo ki tsaya nan, sufeto. Na uku ke nan, kuma daga shi ba ƙari."

Ya kama bayan mashin ya ɗaga, ya tokare da kututture. Ya juya sarƙar robar da mashin ke tafiya a kanta da hannu a hankali, yana bin haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya danna tsakiyarta. "Kin gani? Yatsa biyu take sauka. Ba ta saki ba, ba ta ɗame ba." Ya girgiza ƙananan tayoyin da ke cikinta, ya matsa musu giris. Ya koma gaba ya kifa hannu ƙarƙashin ƙafafun sulɓin nan biyu, ya shafa ƙarfen da ke gindinsu. Ya matse birki, ya saki. Ya danna totur ya ga ta dawo da kanta.

Burul na bin hannunsa da ido. Ya ɗaga murfin inji, ta matso kusa. Ya kwance fulogi biyu ya hura, ya nuna mata kalarsu. Ya lanƙwasa bel ya duba ko ya tsage, ya nuna mata na ajiya. Hannunsa ya wuce ta saman kabireta. Tazarar taƙi ɗaya ce tsakanin yatsunsa da wurin. Ya janye.

"Ƙasan fa?" ta ce, muryarta kamar ta sauro.

"Wane ƙasan?"

"Can... ciki. Ina jin warin fetur."

"Yo ba dole ki ji ba? Ni da na zuba jarka biyu ɗazun nan, turaren wuta kike so ki ji?"

Apa ta yi gyaran murya. "Mace mai yawan ka tsaya ka tsaya a bakin tafiya, ita ke kira wa miji tsiya. A zamaninmu ruwa muke watsawa a bayan matafiyi mu koma ɗaki."

"Kin ji ko?" in ji Toktosun yana dariya. Ya rufe murfin, ya danna maƙullinsa. "Ko dai kewata ce ta kama ki tun ban tafi ba, ƴar tsohuwata? Kwana biyu ne kacal."

Ba ta yi dariya ba. Orozbek maharbi take gani. Shekara huɗu ke nan da ya bi wannan hanyar, mashin ya mutu masa a kan tudu na biyu, ba a same shi ba sai da ƙanƙara ta fara narkewa. Yana zaune ya jingina da mashin, fulogi a hannu, idonsa a buɗe. Mazan da suka sauko da shi sun kasa miƙe masa ƙafafu, a zaune aka shigo da shi gari. Burul ta ga wucewarsu ta taga, kuma tun jiya duk ta runtse ido sai ta ga hular Toktosun a kan wannan gawar.

Ta saci kallon Apa. Tsohuwar na kurɓar shayi, amma kofin na ƙwanƙwasar haƙorinta. Ashe ita ma ba lafiya ba. Sai dai ta yarda da kwaɓinta, tunda shekara sittin bai taɓa ba ta kunya a bakin tukunya ba.

Toktosun ya sauke mashin daga kututture. Ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu, a na uku injin ya kama da tari da shuɗin hayaƙi. "Bari ya ɗumama," ya ɗaga murya. "Miƙo min safar hannu da tabarau."

Ta miƙa masa. Tabarau ya suɓuce mata ya faɗi, ya tsugunna ya ɗauka yana tsaki. Ya naɗe wuya da mayafi, ya ɗaura bel ɗin babbar riga, ya duba igiyar kaya. Injin na ta gurnani. Ƙanƙarar da ta kama murfinsa ta fara zama ruwa tana gangarowa.

Burul ta ƙura wa wannan ruwan ido. In na waje ya narke, na ciki fa?

Sai hancinta ya kamo shi. Ta cikin warin hayaƙi da na mai, wani ɗan ƙamshi ya ratso, siriri, mai daɗi, irin wanda ke tashi in an manna gurasa a jikin tanderu.

Toktosun ya ɗaga kai yana buɗa hanci. "Kai! Gurasa kika sa mini ta guzuri? Shi ya sa kike ta jan ƙafata?"

Tanderun gidan kuwa ko wuta ba a hura masa ba yau.

Nan take Burul ta gane. Tiyon nan a jikin salansa yake kwance, ta gani da idonta jiya. Kwaɓi na gasuwa a waje, fetur na jiƙa shi ta ciki, ga ƙarfe ya fara zafi, ga tanki cike taf, ga jarkar ajiya ɗaure a baya, ga mijinta ya ɗaga ƙafa zai hau. Ta dubi Apa. Apa ta ajiye kofi, bakinta a buɗe.

"To, Apa, a yi mini addu'a," in ji shi, ya zauna a kan kujera.

Burul ba ta san lokacin da ta tsallake akwatin kayan aiki ba. Ta kai wa jan maɓallin kashe inji mari da tafin hannu, injin ya shaƙe ya mutu. Ta cakumi rigar mijinta ta fizgo shi, suka zube tare a kan buhunan dusa.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Buɗe," ta ce tana haki. "Buɗe ka kwanta ka leƙa ƙasa, ta hagu. Kar ka taɓa salansa."

Wani abu a fuskarta ya hana shi ƙara magana. Ya ɗaga murfin, ya kwanta a ƙasa, ya cusa kai. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa. Sai kuma wani sautin, ɗis, can kuma ɗis, kowane ɗigo na sauka da ɗan cuu.

Ya daɗe a kwance. Da ya fito fuskarsa ta yi fari kamar nono. Ya rufe famfon fetur, ya sake cusa hannu da tsumma, ya ɓanɓaro abin ya ɗora a tafinsa. Gefe ɗaya ya gasu ya yi ja gwanin sha'awa, ɗaya gefen ya zama kunu, fetur na tsiyaya daga ciki.

"Mene ne wannan?"

Apa ta kau da kai.

"Na ce mene ne wannan? Wa ya taɓa mini mashin?"

Burul ta sunkuyar da kai. "Ni ce. Turare na yi masa jiya, garwashi ya faɗa. Tsoro ya hana ni faɗa maka."

"Ke?" Ya miƙe tsaye. "Ke! Kwana kika yi da wannan a cikinki? Kina kallona ina ɗaure kaya? Da na kai tudu na biyu fa, Burul? Da wuta ta kama ni a zaune fa? Me za ki ce wa Aiperi, babanki ya gasu da gurasa?"

Hawaye na zubo mata. Zagi dai ba ya kisa, ta gaya wa kanta, ya zaga har gobe, ga shi nan tsaye da ƙafafunsa.

Ya ɗaga hannu zai yi jifa da abin, sai ya tsaya. Ya kawo shi kusa da ido. Ya juya shi wajen hasken ƙofa. A gefen da ya gasu, inda aka haɗe bakin kwaɓin, an yi masa ɗan kitso, tsinke-tsinke a jere, kowane an murɗa shi hagu. Duk matar ƙauyen nan da irin yadda take rufe bakin samsa, gurasar nan mai nama a ciki, kuma Burul, Allah ya ba ta haƙuri, nata kullum kamar an taka da kofato yake. Wannan kitson kuwa shekara talatin da bakwai Toktosun yana cin sa.

Ya juya a hankali.

"Apa."

"Me?" in ji tsohuwa, tana gyara ɗankwali.

"Apa, da na tafi fa?"

"Ai ba ka tafi ba."

"Apa..."

"Kar ka Apa ni! Wa ya tsayar da kai in ba turaren ba? Da ban yi ba ka san abin da ke jiranka a hanya? Kuma kwaɓin nan da ka bar shi ya ƙarasa gasuwa, da ya riƙe har wurin ubanka." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Idonta ya kasa barin ɗigon fetur ɗin da ke ƙasa.

Toktosun ya dube ta. Uwa ce, me zai ce? Ya zauna daɓas a kan kututture ya dafe kai. "Sai in je gidan maƙwabcinmu Mamatkul ko yana da tiyo. In babu, doki zan ɗaura wa sirdi." Ya ɗago ya dubi matarsa, kunya ta hana shi haɗa ido da ita sosai. "Tashi daga ƙasa, sanyi zai kama ki."

Wannan ƴar maganar ce ta ƙarasa tsohuwa. Ta miƙe, bokiti ya kife gefe, ta nuna Burul da yatsa.

"Ke kuma, uwar iya! Wa ya aike ki ki ɗauki laifina? Ce miki na yi ba ni da baki? Yanzu kin zama ta kirki, ni na zama dodo mai cin ɗanta, ko? Kuma ki rasa ƙaryar da za ki yi sai ki ce aikin hannuna naki ne. Ke da ko bakin samsa ba ki iya rufewa ba!"

"Ki yi haƙuri, Apa."

"Riƙe haƙurinki ki yi miya da shi!"

Ta tattare siket, ta bar kofinta a ƙasa, ta fice. Ta maido ƙofar rumfa da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi, garam, har dusar ƙanƙarar da ke kan rufi ta zubo ta toshe bakin ƙofar.