Kwafi na Biyu a Kwamfutar Yaya

Ni dai ban yarda da ƙofar da ake kullewa ta ciki ba. Shekara uku ina koyar da lissafi a makarantar nan, kuma duk zango abu ɗaya ke ci mini rai. In na kai wa sakatariyarmu tambayoyin jarrabawa a filash, sai ta karɓa ta ce, "Ba ni minti goma, ƙanwata," ta tura ƙofa ta murɗa makulli. Malamin tarihi kuwa yana tsaye a kanta take buga masa nasa, har da hira da dariya. Takardata kaɗai ake yi wa kulle.

Na daɗe ina haɗiye abin, don matar ta girme ni nesa ba kusa ba, Yaya duk muke ce mata. Sai ga ɗiyar ƙanwarta da ke ajina, yarinyar da ba ta taɓa haura hamsin ba, ta tashi da tamanin da bakwai. Na juya takardar gaba da baya, na sake makin sau biyu. Tun daga ranar na sa wa Yaya ido.

Ranar Litinin na kai tambayoyin ƙarshen shekara. Ta kulle kamar kullum, sai takarda ta ƙare mata, ta fita ɗaukowa ta bar ƙofar a buɗe. Ban tsaya neman izini ba, na faɗa ciki. A fuskar kwamfutar ga takardata, ga kuma wata a gefenta, suna ɗaya, tambayoyi ɗaya, an adana ta daban.

"Yaya, wannan kwafin na wane ne?" na tambaye ta tana shigowa.

"Na firinta ne," in ji ta, ko a jikinta. "Tsohuwa ce, ba ta gane alamominki. Sai na mayar da shafukan hoto tukun take fitar da su daidai. In na gama in goge. Kullewar kuma don kada wani ya leƙo ne."

"Ita kuma yarinyar da ta ci tamanin da bakwai, firintar ce ta koya mata?"

Ta ajiye takardun a hankali. "Darasi take zuwa kullum da yamma. Kin taɓa tambayarta?"

Na ɗauki maganar rainin hankali. Inji ne zai zaɓi abin da ya gane da wanda bai gane ba? Kafin a tashi na rubuta ƙorafi shafi biyu na kai wa Shugaba. Shi kuma mutum ne mai tsoron surutu, nan take ya karɓi makullin ofis, ya tura ta ɗakin ajiye littattafai, ya ce kwamiti zai zauna ranar Juma'a ya yanke ko za ta ci gaba da aiki. Shekararta ashirin da biyu a kan kujerar nan. Ban ji tausayinta ba ko kaɗan, gaskiya daɗi ma na ji.

Ni na buga takardata da hannuna. Na duba shafin farko, ƙa'idoji ne da gurbin suna, ya fito tas. Sauran na bar su a kife, don ko inuwata ban yarda ta gani ba, na zuba a ambulan na liƙe na sa hannu a bakin.

Ranar Alhamis da safe aka raba wa yara takardun. Ba a yi minti biyu ba hannuwa suka fara tashi.

"Malama, tambaya ta uku, akwati ne tsakanin lambobin."

"Malama, ta bakwai ma."

Na fizgi ɗaya na duba. Duk inda na sa alamar rabawa, ko fai na lissafin da'ira, ko ɗan zagayen digiri, wani ƙaramin akwati ne zaune fanko. Tambaya ashirin da shida cikin arba'in, yara ɗari da goma suna kallona. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ta rama. Na nufi ofishin Shugaba a fusace, na ce matar nan ta yi wa firintar wani abu kafin ta fita.

Malamin kimiyya yana wajen, ya karɓi takardar ya yi dariya. "Ai firintar nan tun kafin ki zo haka take. Ni da biro nake cike nawa, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ke ma haka kike yi."

Shugaba ya aika aka kira Yaya.

Ta zo da ƙura a hannun rigarta, ba ta kalle ni ba. Ta zauna, ta miƙo hannu na ba ta filash, na juya zan fita.

"A'a, tsaya nan a bayana," in ji ta. "Ki ga komai da idonki."

Na tsaya. Ta buɗe takardar, ta adana kwafi na biyu, ta shiga wajen bugawa ta zaɓi a fitar da shi a matsayin hoto. Ta buga shafi ɗaya ta miƙo mini ta kafaɗa. Ga fai, ga digiri, kowace alama a mazauninta. Firintar ta ci gaba da gurnani tana fitar da sauran a hankali, ita kuma ta goge kwafin, ta shiga kwandon shara na kwamfutar ta sake gogewa, ta ce in duba. Na duba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kwashi takardun zuwa aji, muka rage mu biyu. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Yanzun nan zan janye ƙorafin, kwamitin ma ba sai ya zauna ba."

Ta zare filash ɗin ta ajiye a bakin tebur.

"Janye shi, ai takarda ce," ta ce. "Amma maganar ta riga ta fita gari. Jiya yarinyar ta dawo gida tana kuka, 'yan ajinku suna ce mata ɓarauniyar maki. Uwarta ta zo har ɗakina, ta rufe ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, Yaya, tsakaninki da Allah, kin ba ta? Ƙanwata ce, ni na goye ta a bayana, kuma da gaske take tambayar."